Yadda Ake Tatsar Man Ƙamshi daga Lemongiras da Kanumfari a Gida, da Yadda Ake Tsarma Shi

Duk wanda ya taɓa matsa ɓawon lemo kusa da wutar kyandir ya ga yadda take tartsatsi. Abin da ya fantsama daga ɓawon ba ruwa ba ne, mai ne. Irinsa ne ke sa harshe ya yi nauyi idan an tauna kanumfari, shi ne kuma ke sa na'a-na'a ta sanyaya maƙogwaro ko da a shayi mai zafi aka jefa ta. Sunan mai kawai ya haɗa shi da man gyaɗa da man kaɗe. Waɗannan kitse ne, in sun zuba a riga sai an yi da sabulu. Man ƙamshi kuwa tashi yake yi ya bi iska, shi ya sa hanci ke jin sa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda 'yan ƙananan kwalabensa suka cika kasuwa da shafukan sada zumunta, ana ɗiga shi tsurarsa a fata, wasu har a bakin jarirai, da hujjar wai ai daga ganye aka samo shi. Wanda ya taɓa tatsar man nan da hannunsa, ya ga tulin ciyawar da ke ƙarewa a cokalin shayi ɗaya, ba zai ƙara riƙe kwalbar da wasa ba. Don haka za mu bi aikin tun daga yankan ciyawa har zuwa shafawa.

A fara sanin abin da ake nema

Man ƙamshi ba sinadari ɗaya ba ne, taron sinadarai ne, wani lokaci gommai, wani lokaci sama da ɗari, amma galibi ɗaya ko biyu ke jan ragama. Mafi yawansu daga dangin da ake kira tarpin suke. Tsiro na ƙera su ne da 'yan tubala masu ƙwayar kabon biyar-biyar (kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi). In ya haɗa tubala biyu, kabon 10 ke nan, sai a samu masu sauƙin tashi, irin limonin da ya kai kashi 90 cikin ɗari na man ɓawon lemon zaƙi. In ya haɗa uku, kabon 15, sai a samu masu nauyi da ke daɗewa ba su tashi ba. Irin waɗannan ne suka yawaita a saiwar jema, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙamshin saiwoyi da itatuwan da ake sakawa a turaren wuta ke kwana a tufafi, na lemo kuwa kafin a kai bakin ƙofa ya gudu.

A lemongiras, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi, jagoran shi ne sitiral, wanda yakan kai kashi 65 zuwa 85 cikin ɗari na man. A kanumfari kuwa yujinol ne, kashi 70 zuwa 90, kuma shi ba tarpin ba ne, daga wani dangi yake, dangi ɗaya da sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta da zafinta. Na zaɓi waɗannan biyu ne don suna da sauƙin samu, kuma halinsu ya saɓa: man ɗaya yana tasowa saman ruwa, na ɗayan nutsewa yake.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta tun yanzu, don shi ne ginshiƙin aikin. Sitiral ba ya tafasa sai zafi ya kusa digiri 230, yujinol sai ya wuce 250. Da za a ɗora ganyen a busasshiyar tukunya, ƙonewa zai yi kafin a samu komai. Amma in tururin ruwa ya ratsa ganyen, yakan kwaso man ya tafi da shi a zafin da bai ma cika digiri 100 ba. Sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, man ya ware gefe don ba sa haɗuwa. Dabarar tsohuwa ce. Al-Kindi, wani masani Balarabe, ya yi rubutu a kan haɗa turare da tatsar sa a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma har yau da manyan tukwanen jan ƙarfe ake tatsar man wardi a Ɗa'if ta Saudiyya, wanda alhazai suka san tsadarsa. Tsadar ba banza ba: sai an dafa tan 3 zuwa 5 na furen wardi kafin a samu kilo ɗaya na man.

Kayan aiki

Rabin na'urar tana cikin madafin kowane gida, wato tukunya da madambaci. Yadda tururi ke ratsa tsakin dambu ta hudojin madambaci, haka ake so ya ratsa ciyawa. A samo babba, da murfin da ya zauna daram. Sauran kayan su ne bututun jan ƙarfe siriri mai tsawon mita 3, bokitin roba, kwalbar gilashi mai siririn wuya, sirinji sabo, garin fulawa, da 'yar kwalba mai duhu ta ajiya.

Bututun ana samun sa wurin masu sayar da kayan gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. A sayi sabo fil. Wanda aka ciro daga tsohuwar na'ura akwai mai da iskar gas da suka bi ta cikinsa, wanki ba ya fitar da su duka. Kafin a lanƙwasa shi, a cika shi da busasshen yashi a toshe bakunan biyu, sannan a naɗe tsakiyarsa a jikin taɓarya ko babbar kwalba, zagaye shida ko bakwai. Yashin ne ke hana shi lotsewa. In an gama a zazzage, a wanke da ruwan zafi har ya fito tas.

A kai murfin wurin maƙeri ya huda tsakiyarsa daidai kaurin bututun. Kada a bari ya liƙe shi da dalma, guba ce, kuma tururi zai riƙa wanke ta zuwa cikin man. Kwaɓaɓɓen fulawa ya isa. A huda bokitin ta gefe, kusa da gindi, a zura naɗin a ciki, ƙarshensa ya leƙo ta hudar, a toshe kewayen yadda ruwa ba zai yoyo ba. Abin lura a nan: tun daga inda bututun ya shiga bokiti har bakinsa na ƙarshe, gangarowa kawai zai riƙa yi. In akwai inda ya ɗaga sama, ruwa zai kwanta a wurin ya tare hanya.

Kafin a saka ganye, a yi gwaji da zallar ruwa na rabin awa. Wannan zai wanke bututun, ya kuma nuna inda tururi ke tsira.

Yanka da shanya

Ciyawar da ta yi wata 4 zuwa 6 da shuka ta isa yanka. A yanke ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don ta sake tohowa, da safe bayan raɓa ta bushe. A cire ganyen da ya yi ruwan ƙasa ko ya yi tsatsa. A baza ta a inuwa ta kwana ɗaya ta yi yaushi. Kada a kai ta rana, don rana za ta riga mu kwashe man. Yaushin yana rage ruwan jikinta, sai madambaci ya ɗauki da yawa. Sai an zo ɗorawa a wuta sannan za a yayyanka ta tsawon ɗan yatsa. In aka yanka aka ajiye, ƙamshin da ya cika tsakar gida man ne ke tafiya.

A nan ya kamata a rage buri. Ɗanyen ganyen lemongiras bai cika ba da fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Kilo 2 zai ba da mililita 4 zuwa 10 in an yi sa'a, cokalin shayi kuwa mililita 5 ne. Da kayan gida, a karon farko, ko rabin cokali aka samu an yi ƙoƙari.

Dahuwa

A zuba ruwa ya kai kashi biyu cikin uku na tukunyar, a ɗora madambaci, a cika shi da ciyawa. A danna ta ko'ina daidai, musamman gefe-gefe. Tururi mai son sauƙi ne, in ya samu rami ɗaya ta nan zai riƙa bi ya bar sauran ganyen da mansu. Amma kada a cusa ta ta yi tauri har ta toshe hudojin, kuma a bar ɗan fili tsakaninta da murfi don kada wani ganye ya shige bakin bututu.

A rufe, a bi mahaɗar tukunya da madambaci, da ta madambaci da murfi, da kewayen bututu, a liƙe da kwaɓin fulawa. Zafi zai gasa shi ya riƙe. A cika bokiti da ruwan sanyi, in akwai ƙanƙara a jefa. A tara kwalba a bakin bututun, ba tare da an toshe bakinta ba. Wannan magana ce ta rai: kada a taɓa rufe hanyar fitar tururi. Tukunyar da aka liƙe ta ko'ina ba mafita, fashewa take yi.

A ba ta wuta sosai har ta tafasa. Da an ga ɗigon farko sai a rage, a bar shi yana zuba ɗis-ɗis da ɗan sauri, ba kwarara ba. Risho ko gas ya fi icce sauƙin sarrafawa, in kuwa gawayi ne a tanadi wanda za a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A riƙa taɓa abin da ke fitowa. In da sanyi ko ɗumi-ɗumi, lafiya. In ya fara zafi, ko aka ga hayaƙin tururi a bakin bututu, to mai na tsira. A kwashe ruwan saman bokitin, wanda shi ke fara zafi, a ƙara na sanyi. Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai, don kusan duk minti 15 sai an yi shi.

Yawancin man yana fitowa ne a awa ta farko. Awa biyu zuwa uku ta wadatar. Idan aka tari ɗigon a cokali ba a ga ɗan maiƙo na yawo a kai ba, a kashe wuta. A kula kada ruwan tukunya ya ƙafe, don ƙauri in ya shiga mai ba ya fita. A bar komai ya huce kafin a ɓalle fulawar; ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Kuma a yi aikin a fili ko inda iska ke shiga, kwalbar tara mai nesa da harshen wuta, tunda mun ga abin da ɓawon lemo ya yi wa kyandir.

Raba mai da ruwa

A rufe kwalbar a ajiye ta kwana. Da safe za a ga wani siririn zobe ruwan ɗorawa a sama. Amfanin siririn wuya ke nan: in ruwan ya kai wuyan, man zai taru a ƙuntataccen wuri ya yi kauri, maimakon ya baje. A zuƙe shi da sirinji a hankali, a riƙe sirinjin a tsaye bakinsa ƙasa, ruwan da ya biyo zai sauka, a ɗiga shi waje, sannan a juye man a kwalba mai duhu. Ɗigon ruwa ɗaya da aka bari a ciki yana gaggauta lalacewarsa.

Ruwan da ya rage kada a zubar. Ɗan'uwan ruwan wardi ne, akwai ɗan mai kaɗan narke a cikinsa. Ana fesa shi a ɗaki ko a labule, ana goge tayil da shi. A sa shi a firiji, kuma da ya yi yauƙi ko ƙamshinsa ya juya a rabu da shi.

Kanumfari nasa daban ne

Kanumfari furen da bai buɗe ba ne, asalinsa daga tsibiran Maluku na Indonesiya, ana kuma noma shi sosai a Madagaska da Zanzibar da Pemba. Mai ya cika shi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa. A zaɓi mai nauyi, wanda in an datse shi da farce maiƙo zai fito. Wanda ya yi fayau ba ƙamshi, ƙila an riga an tatse shi.

Shi ba ya buƙatar madambaci. A ɗan daddaka giram 250 a turmi, ba lilis ba, a zuba a tukunya da ruwa lita 3, a jiƙa shi awa biyu, sannan a liƙe murfi mai bututu a kan tukunyar kai tsaye. A bar sarari da yawa a sama don yana kumfa. Yana ɗaukar lokaci fiye da ciyawa, awa 4 ko fiye, don haka dole a tsaya a tsakiya, a bari ya huce, a ƙara ruwan zafi. Abin da zai fito fari ne kamar tsinkakken nono. Mutane da yawa a nan suke zaton aikin ya ɓaci, don sun duba sama ba su ga mai ba. Yana ƙasa. Man kanumfari ya ɗan fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a gindin kwalba kamar ƙwallayen zuma. A bar shi kwana ɗaya ko biyu ya natsa, a tsiyaye ruwan sama, a zuƙe shi. In ya ƙi rabuwa, a narka gishiri mai yawa a ciki: ruwan zai yi nauyi, man ya taso sama.

Abin da yake yi a jiki

Waɗannan sinadarai suna narkewa a kitse, tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta kuma da kitse aka gina shi. Shi ya sa yujinol da sitiral ke iya huda jikin ƙwayoyin cuta da na fumfuna su kashe su a ɗakin gwaji. Amma ba su san bambancin ƙwayar cuta da fatar mutum ba. Ƙarfin da ke kashe ɗaya shi ke ƙona ɗaya. Kuma abin da ya yi aiki a faranti a ɗakin gwaji ba shi ke nuna zai warkar da cuta a cikin jini ba.

Yujinol yana dakushe jijiyar da ke kai saƙon zafi, likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa shi da farin garin zinki suna cike rami na wucin gadi. Warin nan na ɗakin likitan haƙori nasa ne. Mentol na na'a-na'a kuwa yana taɓa wata 'yar ƙofa a bakin jijiya wadda aikinta jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an sa ƙanƙara alhali zafin fatar bai sauya ba. Masana kimiyya David Julius da Ardem Patapoutian, da suka gano wannan ƙofa a 2002, sun samu kyautar Nobel a 2021 kan bincikensu na yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓi.

Lemongiras na korar sauro, gaskiya ne, amma na ɗan lokaci, don da ya tashi shi ke nan. Ba ya maye gurbin gidan sauro, ba ya kuma kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.

Tsarmawa

Ba a tsarma shi da ruwa. In aka ɗiga shi a bokitin wanka, yawo zai yi a sama da cikakken ƙarfinsa ya manne a fata. Da mai ake tsarma shi: man kwakwa, man zaitun, man riɗi, ko man kaɗe da aka narkar ya ɗan huce.

Lissafin ba wuya. Mililita ɗaya kusan ɗigo 20 ce, cokalin cin abinci biyu kuwa mililita 30. Sitiral da yujinol duk suna cikin masu tayar da borin fata, don haka masana suka taƙaita su: lemongiras kada ya wuce kashi 0.7 cikin ɗari, kanumfari kashi 0.5. A cokali biyu na man kwakwa ke nan ɗigo 4 na lemongiras, ko ɗigo 3 na kanumfari. Na san zai yi wa mutum kaɗan a ido, amma a tuna tulin ciyawar da ya ba da ɗigo huɗun.

A shafa kaɗan a cikin dantse, a jira kwana biyu. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje, a bar shi. Jikin da ya riga ya tsani sitiral yakan ci gaba da tsanarsa, har sabulu da turare masu ɗauke da shi su riƙa tayar masa da ƙaiƙayi. Saboda wannan nake jin zafin masu cewa a shafa tsura "don ya fi shiga".

Ga babba mai ciwon haƙori, ɗigo ɗaya na kanumfari a cokalin shayi na man zaitun, a tsoma auduga a ɗora a kan haƙorin, a kauce wa dasashi. Lallashi ne na dare ɗaya kafin a ga likita, ramin yana nan.

Inda ba ya zuwa

Ba a shan sa. An sha kwantar da ƙananan yara a asibiti da lalacewar hanta bayan sun haɗiye cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari. Man itacen turare, wanda ake shukawa a layukan kare hamada tare da darbejiya, yana ɗauke da wani sinadari mai suna sineyol, kuma kaɗan daga cikinsa na iya sa yaro jijjiga. Shi da na na'a-na'a ba a kai su kusa da hancin jariri, suna iya daƙile masa numfashi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a raba shi da waɗannan mayuka gaba ɗaya, ko da haƙori yake fitarwa. Mai juna biyu, da mai asma, da mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, su tambayi likita tukuna, don yujinol ma yana rage daskarewar jini.

In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa man ja ko madara kamar yadda aka saba. Abin da ake tsoro shi ne ya sarƙe man ya gangara huhu. A ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti nan take. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. In ya ƙona fata, a goge da man girki, sannan a wanke da sabulu.

Man lemun tsami da aka matse daga ɓawo yana da wasu sinadarai da in rana ta haska su a fata sai ta yi ƙuna da baƙin tabo mai daɗewa. Wanda aka tatsa da tururi ba shi da su, don sun yi nauyin da ba sa tashi. A ƙasar rana irin tamu, mai saye ya tambayi ta wace hanya aka fitar da shi.

Ajiya, da gwada na kasuwa

A zuba shi a gilashi mai duhu, ba roba ba, don yana cin roba. A zaɓi kwalbar da zai kusa cikawa, iskar da ke saman mai ita ke tsufar da shi, tsohon mai kuma ya fi sabo tayar da fata. A rubuta suna da ranar tatsa a jiki, a sa a wuri mai sanyi da hannun yaro ba ya kaiwa. Na lemongiras da na lemo a yi ƙoƙarin ƙarar da su cikin shekara ɗaya, na kanumfari ya fi su jimiri.

Na kasuwa kuwa, a ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda a bar ta ta wuni. Man lemongiras ko na lemo na gaskiya zai tashi, in ya bar wani abu sai ɗan launi. In aka ɗaga takardar ga haske aka ga da'irar maiƙo irin ta takardar ƙosai, an haɗa shi da man girki. Gwajin ba ya kama wanda aka haɗa da turaren roba, kuma masu nauyi irin na jema da sandal sukan daɗe kafin su tashi, don haka a ba su kwana biyu kafin a yanke hukunci.